Faifan da ba ya cikin kowace kwamfuta: yadda Ceph ke riƙe da bayanan gajimare

Duk wanda ya taɓa hayar kwamfuta a gajimare, wato ta intanet daga cibiyar bayanan wani kamfani, ya san yadda abin yake. Ka zaɓi girman ƙwaƙwalwa, ka zaɓi faifai mai gigabait 100, ka latsa, kafin ka gyara zama an miƙo maka kwamfuta tana aiki. Kwamfutar nan ta kwaikwayo ce: manhaja ce ke kwaikwayon inji a cikin wata saba, wato babbar kwamfuta ta zahiri, wadda ke ɗauke da irinta da yawa a wata cibiyar bayanai. Wannan ɓangaren mutane sun gane shi. Wanda ba a cika tambaya a kansa ba shi ne faifan. Da za a bar ka ka shiga cibiyar ka buɗe sabar da kwamfutarka ke gudana a cikinta, sau da yawa ba za ka tarar da bayananka a ciki ba. Suna can warwatse a kan ɗaruruwan fayafayai cikin wasu injina daban, kuma da gangan aka yi hakan.

Dalilin a fili yake. Idan faifan yana cikin sabar da ke ɗauke da kwamfutar, ranar da sabar ta mutu bayanan sun maƙale tare da ita. Ko lafiyarta ƙalau ma, injiniya ba shi da halin kashe ta don gyara sai ya tsayar da aikin duk masu haya a kanta. In kuwa faifan yana waje, ana isa gare shi ta layin sadarwa, sai a ɗauke kwamfutar kwaikwayon tana cikin gudu a mayar da ita wata saba, mai ita bai ma sani ba. Abin da ke ƙwaƙwalwa kawai ake kwashewa, faifai yana nan inda yake.

An daɗe ana yin wannan ta hanya ɗaya: a sayo ƙaton akwatin ajiya daga kamfani irin EMC ko NetApp ko Hitachi, a jona masa sabobi da layuka na musamman. Akwatunan nan suna aiki, bankuna da yawa har gobe a kansu suke. Sai dai ga tsada, ga shi kowane akwati yana da iyakar abin da zai ɗauka. Ranar da ya cika sai a sayo wanda ya fi shi a yi ƙaura, kuma faifan da za a ƙara masa dole ya fito daga kamfanin, a kan farashin da kamfanin ya yanka. Gajimare kuwa a hankali yake girma, yau a ƙara sabobi goma, wata mai zuwa a ƙara ashirin. Shi ya sa lokacin da kamfanin Rackspace da hukumar NASA suka fito da OpenStack a watan Yulin 2010, manhaja mai buɗaɗɗen tushe da kowa zai iya gina nasa gajimaren da ita, nan take giɓin ya bayyana. An samu abin da zai sarrafa kwamfutocin kwaikwayo kyauta, amma fayafayansu fa, a kan me za su zauna?

Amsar da ta fi karɓuwa ita ce Ceph, manhaja mai buɗaɗɗen tushe da ke haɗa fayafayan injina da yawa su zama ma'ajiya ɗaya. Sage Weil ne ya fara shi a matsayin aikin digirinsa na uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz, ya gabatar da shi a 2006, ya kammala digirin a 2007. A 2010 aka shigar da ɓangarensa cikin zuciyar Linux. A 2012 Weil ya kafa kamfanin Inktank, a shekarar ce kuma aka fitar da sigar farko da aka ce ta isa a dogara da ita, mai suna Argonaut. A wannan shekarar dai OpenStack ta ware sashe na musamman mai kula da fayafayai, Cinder. Kamfanin Red Hat ya sayi Inktank a 2014 kan dala miliyan 175. Binciken da masu OpenStack ke yi a tsakanin masu amfani da ita ya yi ta nuna cewa Ceph ne kan gaba a abin da ake ɗora Cinder a kai.

Ra'ayina a kan Ceph shi ne cewa mutane na yawan zuwa masa ne saboda kalmar kyauta, alhali ba nan darajarsa take ba, kuma ba nan hatsarinsa yake ba. Darajarsa tana wajen yadda ya ɗauki lalacewar inji a matsayin abin yau da kullum. Hatsarin kuma yana wajen da yake gyara kansa bayan lalacewar. Don a ga haka sai an leƙa cikinsa.

Ɗauki faifan nan mai gigabait 100. Sashen Ceph da ake kira RBD yana yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa megabait 4, ya zama gunduwa 25,600. Ba a ƙirƙirar gunduwa sai an rubuta wani abu a gurbinta, don haka faifan da aka ba ka yau ba ya cin fili sai gwargwadon abin da ka zuba. Kowane faifai na zahiri a cikin gungun injinan yana da ɗan shirin da ke tsaronsa, ana kiransa OSD. In saba tana da fayafayai 12, tana da OSD 12. Ban da su akwai masu sa ido, galibi uku ko biyar, waɗanda aikinsu shi ne riƙe taswirar gungun: wane faifai ne ke raye, wane ne ya mutu, a wace saba yake, a wace kanta. Masu sa idon ba sa yanke hukunci sai da rinjaye, shi ya sa ake sa adadinsu ya zama mara, don kada a yi kunnen doki.

To yaya kwamfuta za ta san inda gunduwa ta 9,000 take a cikin fayafayai dubu? Hanyar da hankali ke fara kawowa ita ce a ajiye babban littafi da magatakarda, kowa ya zo ya tambaya. Amma magatakardan zai zama ƙofa ɗaya tilo da kowa ke bi, in layi ya yi tsawo kowa ya jira, in ya faɗi kowa ya tsaya. Weil ya kauce wa wannan da wani lissafi mai suna CRUSH. Abin ya yi kama da rabon gado: in an ba malamai biyu jerin magada ɗaya, ɗaya yana Kano ɗaya yana Damagaram, ba sai sun yi waya da juna ba, ƙa'idar fara'ili za ta kai su ga kaso iri ɗaya. Haka kowace kwamfuta, in tana riƙe da taswira da ƙa'ida, za ta ɗauki sunan gunduwa ta lissafa da kanta fayafayai ukun da ke ɗauke da ita, ta tafi wajensu kai tsaye. A tsakani akwai wani mataki: gunduwoyin ana fara tara su rukuni-rukuni, su rukunan ne CRUSH ke rabawa, kuma an saba barin kowane OSD da rukuni wajen 100. Wannan ya sa lissafin bai yi wa injinan nauyi ba.

Ƙa'idar ita ce wurin da mai gungu ke faɗin abin da yake tsoro. Zai iya cewa kwafi ukun nan kada biyu su zauna a saba ɗaya. Zai iya cewa kada su zauna a kanta ɗaya, saboda kanta ɗaya layin wuta ɗaya take sha, na'urar haɗa layuka ɗaya take bi. Zai iya cewa kada su zauna a ɗaki ɗaya. A ganina wannan ne abu mafi muhimmanci da ake yankewa ranar kafa gungu, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Wanda ya bar ƙa'idar a matakin saba, alhali sabobinsa uku suna shan wuta daga layi ɗaya, ya ajiye kwafi uku ne a takarda kawai.

Yanzu mu bi rubutu guda ɗaya mu gani. Wani shiri a cikin kwamfutar kwaikwayo ya rubuta kilobait 4, misali ya ƙara layi ɗaya a rumbun bayanan albashi. QEMU, wato manhajar da ke kwaikwayon injin, ta karɓa ta lissafa gunduwar da abin ya shafa, ta aika wa OSD na farko cikin ukun ta layin sadarwa. Shi kuma ya aika wa sauran biyun, kowa ya rubuta a faifansa, biyun su amsa masa, sannan ya amsa wa QEMU cewa an gama. Sai a lokacin shirin albashin zai ci gaba. Wannan tsantseni shi ke sa in saba ta faɗi a tsakiyar aiki ba a rasa abin da aka riga aka ce an rubuta. Kuma shi ne ke jawo jinkirin da masu Ceph suka saba da shi: rubutun da faifan NVMe, wato faifai mai matuƙar sauri, na cikin inji zai gama a ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na milisakan, a nan yakan kai milisakan ɗaya ko fiye, domin ya ratsa layin sadarwa sau biyu zuwa, sau biyu dawowa, ya kuma jira wanda ya fi kowa nawa cikin ukun. Kwamfutoci dubu suna rubutu lokaci ɗaya, gungun zai ɗauke su ba tare da gajiya ba. A farkon 2024 ma an nuna gungu mai fayafayan NVMe 630 yana karanta terabait guda a daƙiƙa. Amma rumbun bayanai guda ɗaya da ke rubutu ɗaya bayan ɗaya, yana jiran kowanne ya tabbata, wannan adadin bai amfane shi da komai ba. Mai irin wannan aiki gara a gaya masa gaskiya tun kafin ya tare.

Inda OpenStack da Ceph suka fi dacewa da juna shi ne wajen haihuwar sabuwar kwamfuta. Sashen OpenStack mai suna Glance yana ajiye hotunan tsarin aiki, irin su Ubuntu ko Windows da aka riga aka shirya. In Glance da Cinder duk a gungun Ceph ɗaya suke, ba a kwafe hoton zuwa sabon faifai. Sabon faifan yana jingina ne da hoton, abin da aka canza kawai yake ajiyewa nasa. Ɗalibai 200 za su iya samun kwamfuta 200 daga hoto ɗaya cikin ɗan lokaci, kuma filin da suka ci da farko bai taka kara ya karya ba. Akwai sharaɗi ɗaya da sababbin shiga ke yawan tuntuɓe da shi: dole a ajiye hoton a ɗanyen tsari. In an saka shi a tsarin qcow2, wanda shi ne aka fi rarrabawa a intanet, sai an sauke shi an juya an sake ɗorawa, saurin ya tafi.

Sai mu zo ranar da faifai ya mutu, wanda a gungu mai fayafayai dubu ba labari ba ne. OSD-OSD suna taɓa juna a kai a kai don tabbatar da kowa na numfashi. In ɗaya ya yi shiru na daƙiƙa 20, maƙwabtansa su kai ƙara wajen masu sa ido, a rubuta shi a taswira cewa ya faɗi. Allon mai kula ya canza daga HEALTH_OK zuwa HEALTH_WARN. Kwamfutocin da ke rubutu a kansa za su ɗan dakata, sannan su ci gaba da kwafi biyun da suka rage. Gungun zai jira minti goma ko mai faɗuwar zai tashi, don wataƙila sake kunna saba kawai aka yi. In bai tashi ba sai a cire shi daga lissafi. Taswira ta canza, amsar CRUSH ta canza, kowane rukuni da ya rasa kwafi ya sami sabon gida, fayafayan da ke da ragowar kwafin su fara aikawa.

A nan ake ganin fifikonsa a kan tsohon tsarin RAID, mai haɗa fayafayan inji ɗaya su riƙe wa juna bayanai. Faifai mai terabait 16 in za a sake cika shi a kan sabon faifai guda, a gudun megabait 150 a daƙiƙa, aikin awa 30 ne, kuma duk tsawon lokacin gabanka na faɗuwa kada na biyu ya bi shi. A Ceph abin da ke kan mataccen faifan yana da 'yan'uwa a fayafayai da dama, sababbin gidajen ma da dama ne, sai aikin ya rabu a hannu da yawa. Ba wanda aka tasa daga barci. Da safe ma'aikaci ya zare mataccen ya sa sabo.

Wannan gyaran kai da kai shi ake tallatawa, kuma gaskiya ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne gyaran yana buƙatar wuri, yana buƙatar hanya. Ɗauki gungu mai sabobi huɗu, kowace ta cika kashi 70 cikin ɗari. Ɗaya ta mutu. Kayanta za su koma kan ukun da suka rage, kowace ta doshi kashi 93. Ceph yana fara gargaɗi a kashi 85, yana daina zuba gyara a faifan da ya kai 90, in kuma faifai ɗaya tak ya kai 95 sai ya hana rubutu a duk ma'ajiyar da ta shafe shi, don kare bayanan. Ma'ana kwamfutocin mutane su sandare. Da sabobin goma ne, mutuwar ɗaya kashi 78 kawai za ta kai sauran. Gungu mai sabobi uku kuwa, wanda shi ne mafi ƙanƙanta da ake yarda da shi kuma shi ƙananan ma'aikatu suka fi ginawa, in ɗaya ta mutu babu ma inda za a sa kwafi na uku. Haka zai zauna da biyu har a gyara. Saboda haka wanda ya sayi fayafayai na petabait guda ya sani cewa kwafi uku sun mai da shi terabait 333, kuma a cikin wannan ma akwai kason da dole a bar shi fanko har abada. Shugaban ma'aikata da ya ga fili a allo ya ce a cika shi, shi ne ke haƙa ramin da za a faɗa.

Akwai hanyar rage wannan asara. Maimakon kwafi uku, a raba gunduwa gida huɗu a ƙara mata guda biyu na lissafi, ta yadda ko biyu sun ɓata za a iya dawo da su. Nan kashi biyu cikin uku na filin zai amfanu. Tun sigar Luminous ta 2017, wadda ta zo da sabon tsarin rubutu a faifai mai suna BlueStore, ana iya ɗora fayafayan kwamfuta a kan wannan. Amma ƙananan rubuce-rubuce suna shan wahala a kansa, gyara kuma ya fi cin injin. Ya dace da faifan ajiyar manyan fayiloli. Faifan da tsarin aiki ke zaune a kai, ni dai kwafi uku zan bar masa. Masu rage kwafin zuwa biyu don tsimi kuwa, suna kuma barin gungu ya karɓi rubutu da kwafi ɗaya, labarin asarar bayanai da yawa a duniyar Ceph daga wajensu ya fito.

Batun hanya ma haka yake. Layi mai gigabit 10 a daƙiƙa, in za a tura terabait 100 ta cikinsa, sai ya kwashe wajen awa 22, kuma ta layukan nan ne masu haya ke karatu da rubutu. In an sake wa gyara linzami masu haya su yi kuka, in an matse shi a daɗe cikin hatsari. Sigar Quincy ta 2022 ta mai da wani tsarin rabon lokaci mai suna mClock ya zama shi ne na asali don sasanta wannan, amma bai ƙara wa layi faɗi ba. Misali mafi girma na yadda gyara ke zama bala'i ba a Ceph ya faru ba, a Amazon ne, mai nata tsarin na sirri da ake kira EBS. Ranar 21 ga Afrilun 2011, wajen wani aikin canji a cibiyarsu ta arewacin jihar Bajiniya, aka karkatar da zirga-zirgar bayanai zuwa ƙaramin layi bisa kuskure. Injinan ajiya suka daina ganin abokan kwafinsu. Da layi ya dawo, sai dukkansu suka tashi neman sabon wurin yin kwafi a lokaci ɗaya, fili ya ƙare, wajen kashi 13 cikin ɗari na fayafayan sashen da abin ya shafa suka maƙale. Shafuka irin su Reddit da Quora suka durƙushe, kuma a ƙarshe kashi 0.07 na fayafayan wannan sashen ba a iya dawo da su ba. Ko faifai ɗaya bai lalace ba da farko. Duk tsarin da ke gyara kansa yana ɗauke da irin wannan hali a jikinsa, shi ya sa masu kula da Ceph, kafin su taɓa na'urar sadarwa ko su kashe saba, suke fara ɗaga tutar da ake kira noout, wadda ke ce wa gungu kada ya fara kwashe kaya.

Irin faifan da aka saya ma yana da nasa hukuncin. Faifai mai juyawa yana iya ƙananan ayyuka wajen 150 ne a daƙiƙa. Guda 30 sun ba da 4,500, a raba uku saboda kwafi, saura rubutu 1,500 a daƙiƙa ga dukkan kwamfutocin ma'aikata. Wannan ba ya isa ko'ina. Sai mutum ya koma SSD, faifan da ba ya juyawa, ya ga na kasuwa mai araha irin na laftof ya kwaso. Ceph yana tilasta wa faifai ya tabbatar da kowane rubutu kafin ya amsa. SSD na cibiyar bayanai yana da 'yar ma'ajiyar wuta a ciki da ke ba shi damar amsawa nan take ba tare da tsoron ɗaukewar lantarki ba. Na laftof ba shi da ita, don haka a ƙarƙashin Ceph sai ya koma tafiyar hawainiya, ya kuma tsufa da wuri.

Wanda ya fi kowa nuna abin da Ceph zai iya, da inda yake da rauni, ita ce cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Jeniba, a kan iyakar Siwizalan da Faransa. A 2013 suka buɗe gajimarensu na OpenStack, suka kuma kafa gungun Ceph mai kimanin petabait 3 don fayafayansa. Duk lokacin da sababbin injina suka iso kafin a raba su ga ayyuka, sukan ara su gwada iyakar manhajar: petabait 30 a 2015, sannan a 2017 gungu mai OSD sama da 10,000. Abin da suka gano suna mayar wa masu haɗa Ceph, a gyara, kowa ya amfana. Wannan ita ce ribar buɗaɗɗen tushe ta haƙiƙa.

Su ɗin ne kuma a watan Fabrairun 2020 babban gungunsu na fayafayan OpenStack ya faɗi na sa'o'i. Fayafayai lafiyarsu ƙalau, wuta ba ta ɗauke ba. Wani kuskure ne a wajen matse bayanai da LZ4 ya gurɓata taswirar da OSD-OSD ke riƙe da ita, suka yi ta faɗuwa. Kwafi uku ba su hana komai ba, tunda duka ukun manhaja ɗaya suke gudanarwa, taswira ɗaya suke karantawa. Injiniyoyin cibiyar sun tashe shi ne saboda suna iya buɗe cikin manhajar su bi sawun matsalar, su maye gurbin gurɓatacciyar taswira da mai kyau. Daga baya suka rarraba fayafayan gajimaren a kan gungu daban-daban, don kada faɗuwar ɗaya ta tafi da kowa. Darasin da na ɗauka a nan biyu ne a haɗe. Gungu ɗaya, komai yawan injinansa, abu ɗaya ne da zai iya faɗuwa gaba ɗaya. Kuma buɗaɗɗen tushe yana ceton wanda ke da mutanen da za su iya karanta shi ne. Ma'aikatar da ba ta da su, ba ta kuma biyan wani kamfani kuɗin tallafi, a irin wannan rana ba ta da wanda za ta kira.

Daga nan ya kamata a fahimci cewa kwafi uku ba ajiyar ko-ta-kwana ba ce. In ma'aikaci ya goge faifai bisa kuskure, ko ɓarayin intanet suka kulle bayanan, nan take kwafi ukun za su bi umarni. Hoton faifai da ake ɗauka kafin a yi wani canji yana taimakawa, amma a cikin gungun yake zaune. Gobarar da ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa a watan Maris na 2021 ta nuna wa mutane da yawa cewa ajiyarsu ta ko-ta-kwana tana wuri ɗaya da ainihin bayanan. Tun sigar Jewel ta 2016 Ceph yana iya aika kwafin faifai zuwa wani gungu a wani gari, amma wannan na nufin gungu na biyu, da layi tsakaninsu, da kuɗinsu.

Ba Ceph kaɗai ya shiga wannan fage ba, kuma makomar sauran abin lura ce. Sheepdog, wanda ya fito daga ɗakin binciken NTT a Japan, an gina shi ne musamman don fayafayan QEMU, amma masu kula da shi suka watse har QEMU ta cire shi. GlusterFS, wanda Red Hat ta saya a 2011, ya yi tashe, daga baya Cinder ta sauke shi, Red Hat ma ta daina sayar da shi. Lasisin waɗannan manhajoji yana nan a buɗe, kowa na iya ɗauka, sai dai manhajar ajiya da babu masu toshe mata ɓaraka ba wurin zuba amanar mutane ba ce. Ceph ya fi su tsayawa da ƙafafunsa: an kafa masa gidauniya a ƙarƙashin Linux Foundation a 2018, kamfanoni irin su DigitalOcean da Bloomberg suna amfani da shi. Duk da haka kaso mai yawa na masu rubuta shi albashin kamfani ɗaya suke ci, a da Red Hat, sannan IBM tun da aka mayar da su can a farkon 2023. Mai shirin dogara da shi shekara goma ya riƙa sa ido a kan wannan.

Maganar ta ƙara zafi tun da Broadcom ta sayi VMware, mai sayar da manhajar kwamfutocin kwaikwayo, a ƙarshen 2023 ta soke sayar da lasisin dindindin, ta koma na haya. Ma'aikatu da yawa suka fara duba Proxmox, manhajar kwamfutocin kwaikwayo mai buɗaɗɗen tushe, wadda ke kafa Ceph da 'yan latse-latse a allo. A Najeriya, inda darajar naira ta zube tun tsakiyar 2023 kuma lasisi da hayar gajimare galibi da dala ake lissafa farashinsu, jami'a ko asibiti ko kamfanin intanet da ya yi wannan tunani bai yi laifi ba, ina ma goyon bayansa. Sauƙin kafawar ne ke ba ni tsoro. Allon zai bar ka ka haɗa tsofaffin sabobi uku a layin gigabit ɗaya da SSD na laftof, ya nuna maka kore, abin ya yi ta aiki wata da watanni, har ranar da wuta ta ɗauke, janareta ya yi jinkirin tashi, batiran suka gaza, sabobin uku suka faɗi tare.

Wanda abin da yake da shi sabobi biyu ne ko uku, akwai abin da ya fi dacewa da shi: DRBD da LINSTOR na kamfanin LINBIT da ke Biyana, masu kwafin faifai kai tsaye daga saba zuwa saba, ko ZFS da ke aika kwafi zuwa wata saba duk bayan 'yan mintuna. Ba su da ƙawar Ceph, amma mutum ɗaya zai iya riƙe su a kansa, jinkirinsu kuma kaɗan ne. Ceph yana fara biyan wahalarsa ne daga sabobi biyar zuwa sama, da layin gigabit 10 aƙalla, in da hali 25, da na'urorin haɗa layuka biyu, da wuta ta hanya biyu, da fili fanko da ya isa ɗaukar kayan saba mafi girma, da kuma mutum biyu aƙalla da suka taɓa zare faifai da gangan a gungun gwaji suka zauna suka kalli yadda yake gyara kansa. Kuɗin da aka tsira da shi daga lasisi, a nan ya kamata a fara kashe shi, kuma albashin mutum biyun nan ya shiga kasafin tun kafin a yi odar faifai ko ɗaya.